Gidan jinya da ba tsakar gida kaso ne, ko da an shafa mishi fenti

 Maganar yau ba za ta yi ma wasu daɗi ba, musamman ƴan kwangila da masu yanka kyalle ranar buɗe gini. Amma dole a faɗe ta.

In an buɗe sabon batima na marasa lafiya a ƙasar nan, ku saurari jawabi da kyau. Za a gaya muku gado nawa aka sa, sal nawa aka gina, miliyan nawa na sefa aka kashe, wane furoje ya biya. A tafa, a sha lemu, a watse. Ba mai tashi ya ce: to, in mara lafiyar nan ta gaji da kwanciya, ina za ta zamna? Ina za ta shanya zanenta? Ina za ta dama fura, ta yi kitso, ta karɓi baƙo? Wanga tambaya ba ta cikin takarda, don masu zana ginin ba su taɓa kwana uku cikinsa ba.

Ga abin da nike cewa, kuma na tsaya a kai. Duk gidan da mutum zai yi wata ko watanni, ko sauran rayuwarsa, in ba ya da tsakar gida, ba rumfa, ba murhu, ba inda za a haɗu a yi hira, to kaso aka gina, gardi ne kawai ba ya riƙe da bindiga.

Na san amsar da ke bakin wasu. Za su ce: Malam, mu ai ba mu da irin waɗannan gidaje, wannan al'adar Turawa ce, mu namu a gida muke jinyarsu. To ku hau kabu-kabu ku ɗauki hanyar Ɗan Isa. Kamar kilomita 15 daga Maradi, cikin ƙasar Jiratawa, ga Danja nan. Tun 1956 mishan ɗin SIM ta buɗe wurin don masu kuturta. A watan Fabrairun 2012 kuma aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a wurin, mai gado 42, da taimakon ƙungiyar Worldwide Fistula Fund ta likita Lewis Wall na Amurka. Haye iyaka, kusa da Katsina, akwai Babbar Ruga. Ita ma asibitin kutare ce tun asali, har likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya zo a farkon shekarun 1980, ya shiga ɗinkin yoyon fitsari, ya yi ma dubban mata aiki. Ku lura da abu guda. Wurare biyu, ƙasashe biyu, labari ɗaya: inda muka aje kutare jiya, nan muke kai masu yoyo yau. Mutanen da muka fitar daga tsakar gidanmu ke nan. Saboda haka kada wani ya ce mani ba mu da gidajen aje mutane. Muna da su tun kafin a samu ƴancin kai. Ba mu dai son waiwayawa ne.

Bari mu tsaya kan mai yoyon fitsari, don a gane abin da inuwar rumfa ke yi mata. Yarinya ta kama naƙuda a ƙauye, kwana biyu, kwana uku, ɗa bai fito ba. Kan jinjiri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Bayan ƴan kwanaki sai ya ruɓe ya bar rami tsakanin mafitsara da gaba, wani lokaci har da hanyar bayan gida. Mafi yawanci ɗan ba ya zuwa da rai. Wasu kuma yankan gishiri ne ke jawo musu. Ta rasa ɗa, ga fitsari na zuba dare da rana. Daga nan sai a ware mata kwano, a ware mata tabarma, a yi mata bukka can bayan gida. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ko rijiya sai ta bari mata sun watse. Sau da yawa miji ya ce ta je gida ta samu sauƙi, kuma kowa ya san ma'anar wannan.

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana musu aure kafin shekara 18, kuma jahar Maradi na sahun gaba. Ke nan waɗannan mata ba daga wata duniya suke ba. Ƙannenmu ne da ɗiyanmu.

Likita na iya rufe ramin cikin awa ɗaya ko biyu. Robar fitsari ta kwana kamar 14, a cire. Amma shekara biyar da ta yi ba wanda ya ci kwano ɗaya da ita fa, wace allura ke ɗinke wannan? Abin da ke ɗinke shi, ta fito da safe ta tarar da mata ashirin a inuwa, kowa da irin ciwonta, ba mai toshe hanci. Wata ta ce zo in yi miki kitso. Wata ta ce ni sau uku aka yi mani aiki, kada ki karaya. Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne. Shi ya sa a Danja akwai masauki inda mata ke zama kafin aiki da bayan aiki, ana koya musu karatu da ɗinki da saƙa. A Habasha, likita Catherine Hamlin da mijinta sun buɗe asibitin yoyon fitsari a Adis Ababa a 1974. Da aka ga akwai matan da aiki ba ya warkarwa, kuma ba su da inda za su koma, ƙauye guda aka gina musu mai suna Desta Mender, da gonaki da dabbobi. Mutanen da suka share rayuwarsu kan wannan ciwo sun gane cewa gado shi kaɗai ba ya isa.

Haka zancen kuturta. Yau maganinta na nan, kyauta ne a duniya duka tun 1995, ana sha wata 6 zuwa 12. Wanda ya fara sha ba ya harbin kowa, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu ba ya ma kamuwa da ita. Amma jijiyar da ciwon ya kashe ba ta dawowa. Tsoho zai taka ƙaya ko garwashi bai ji ba, gyambo ya shiga, yatsa ya tafi. Me likitoci ke koya musu? Kullum a jiƙa ƙafa cikin ruwa, a goge kaushi, a shafa mai, a duba ko akwai sabon ciwo. Kuma an ga abin ya fi ɗorewa in suna yin shi a ƙungiya, wannan ya duba tafin ƙafar wancan, musamman tunda wasu idonsu ya yi rauni. To ina za a yi wannan in ba rumfa? Tsohon da ke kulle ɗaki shi kaɗai, sai ƙafa ta yi wari ake sani.

Ku tuna kuma da 2005, shekarar da duniya ta ji sunan Maradi saboda tamowar yara. Har yau uwaye na kwana da kwanaki a cibiyoyin CRENI da ɗiyansu. Cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don jinyar yaro mai tamowa mai tsanani, akwai wasa da yaro da faranta mishi rai. Wasa, jama'a! Cikin takardar likita! Yaron da ba a yi ma wasa, ba a yi mishi magana, ƙwaƙwalwarsa na ci baya ko da nauyinsa ya dawo. Wasa kuwa fili yake so da tabarma da sauran yara.

Abin da ke ba ni haushi, mu ba mu buƙatar wani ya zo daga Turai ya koya mana wannan. Duba gidan Bahaushe a Bagalam ko Mokoyo ko Tibiri. Zaure na nan, inda maigida ke karɓar baƙi ba tare da sun shiga ciki ba. Tsakar gida na nan, inda ake daka, ake tankaɗe, ake wanki, ake renon yara, ake sasanta rigima. Ɗaki na kwana ne da aje kaya da sirri. Rayuwa a waje take. Tsohuwa ko ba ta iya tashi, da hantsi za a fito da ita inuwa, a aje mata gyaɗa ta ɓare, jikoki na hawa kanta. Samarinmu na da fada, mata na da foyandi. A jahar nan tamu ne a 1991 aka fara Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE: mata su zamna gindin icce kowane mako su zuba ƴan kuɗinsu a asusu. Yau ƙasashe da dama na kwaikwayon tsarin. Da tabarma da inuwa aka fara shi. Sai ga shi in mun tashi gina wurin marasa ƙarfi, sai mu watsar da duk wannan ilimi, mu kwafo dogon lungu mai ƙofofi hagu da dama, rufin tol, tagogi ƙanana, kamar ofishin haraji.

Aikin rediyo ya kai ni wata cibiya, ba zan faɗi suna ko gari ba. Akwai wani babban bedi a tsakiyar fili, a nan masu jinya ke wuni. Aka sare shi don a zuba siminti a samu wurin aje motocin manya. Da azahar na tarar da mata jere a bayan ginin bayi, suna bin ƴar siririyar inuwar bango, tana matsawa suna matsawa. Motoci biyu kuwa na cikin rumfar tol sabuwa fil. Ƙarfe ya samu inuwa, ɗan Adam bai samu ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in kuran ya ɗauke, ɗakin tol tanda ne. Kuma a jahar da manomanta suka yi suna a duniya wajen raya itatuwa cikin gonaki tun shekarun 1980! Haba jama'a.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin masu ja da ni ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ce ba kuɗi: magani ma bai isa ba, kana zancen wurin hira. Gaskiya ne magani bai isa ba. Amma rumfar zana, randa biyu, tabarmi goma da icce biyar, kuɗinsu bai kai na karon da aka shimfiɗa a ofishin darakta ba. Kuma ku yi lissafi da kyau. Matar da kewa ta kora gida kafin lokaci, ta koma surfe da ɗaukar ruwa, ɗinki ya warware, ta dawo a sake aiki, nawa aka yi asara? Ƙafar da aka yanke don ba wanda ya ga gyambo da wuri fa? Rashin rumfa ya fi rumfa tsada.

Na biyu su ce tsabta da tsari: in an bar su suna dafuwa da taruwa, wuri zai ƙazance. To a yi madafa a gefe, a sa famfo, a ba su tsintsiya, su naɗa shugaba cikinsu. Matan da suka riƙe gida mai mutum goma sha biyar ba za su kasa share fili ba. Inda akwai ciwo mai yaɗuwa ta iska kamar tarin fuka, likita ya ware, wannan aikinsa ne, kuma shi kansa zai gaya maka fili mai iska ya fi rufaffen ɗaki. Yoyon fitsari ba ya harbi. Tsufa ba ya harbi. Kuturtar da aka yi ma magani ba ta harbi. Ƙyama ce kawai muke sa ma rigar tsabta.

Na uku su ce: ai mun yi ɗakin hutu, ga tele can. Kujerun ƙarfe jere jikin bango, tele a sama tana ta magana da Faransanci, ba mai kallon ɗan uwansa, ƙofa kuma gardi ke riƙe da makulli. Wannan wurin jiran mota ne. Tsakar gida wuri ne da mutum ke da aikin yi da ikon faɗa a ji. Ka ba tsoho igiya ya tufka, ka ba tsohuwa abawa ko ƴan kaji, ka ga yadda fuskarsu ke sakewa. Kuma kada a juya mani magana: ban ce a tara kowa dole ba. Wanda ke son kaɗaici ya samu ɗakinsa da labulensa. Mata su samu nasu fili inda za su sake ba idon maza, maza su samu nasu. Gidan Bahaushe ya raba wannan tun tuni.

Na huɗu, kuma su ne suka fi ƙarfin murya, masu cewa kada ma a yi zancen gidan tsofaffi, abin kunya ne, mu ba Turawa ba ne. Na yarda da rabin maganarku. Ba abin da ya kai tsoho ya ƙare kwanansa cikin jikokinsa. Amma ku zagaya ƙofar masallatai ranar Juma'a, ku zagaya bakin babbar kasuwa da tasha da dare. Tsofaffin da ke kwance kan kwali ɗiyan wa suka haifa? Wata ba ta taɓa haihuwa ba. Wata ɗiyanta sun tafi Libiya ko Aljeriya ko Ikko, shekara biyar ba labari. Wani ɗansa na haya ɗaki ɗaya a Zariya da mata da yara shida. Lokacin samun ƴancin kai, tsawon ran ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba a lissafi, yau ya haura 60. Tsofaffi na ƙaruwa, filaye na ƙanƙancewa, samari na tafiya. Ko mun so ko mun ƙi, wata rana wani alhaji ko wata ƙungiya ko gwamnati za su gina irin gidan nan a Maradi. Gara mu yi gardamar siffarsa tun ba a aza tubali ba.

Su Turawan da muke zagi, mu ɗauki darasi daga abin da ya same su. A Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, mafi yawa tsofaffi, da dama su kaɗai cikin ɗaki. Bayan nan ne hukuma ta tilasta ma gidajen tsofaffi su tanadi aƙalla ɗaki guda mai sanyi inda za a tara su. Lokacin korona an kulle tsofaffi cikin ɗakunansu don kare su, sai likitoci suka ga wasu sun daina ci, sun daina magana, sun saki rai. A Janairun 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafin da ya tona yadda wani babban kamfanin gidajen tsofaffi ke ƙididdige musu abinci da ƙunzugu don riba. Ingila kuwa har ministan yaƙi da kaɗaici ta naɗa a 2018. Su yanzu suna kashe kuɗi don su ƙirƙiro abin da ke kama da tsakar gida: a Holan an buɗe wata unguwa mai suna Hogeweyk a 2009 don tsofaffi masu ruɗewar tunani, da kanti da fili da lambu. Mu da muka gaje shi kyauta, muna sare shi don mota ta samu inuwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

To me nike nema? Abu huɗu, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Ga masu riƙe da meri a Maradi, Tibiri da Jiratawa, da hukumar lafiya ta jaha: duk zanen ginin da mutane za su daɗe ciki, kada a sa hannu sai an ga fili, rumfa, madafa, wurin wanki da shanya, wurin salla, da bayi da gurgu zai iya shiga. Kafin a zana, a zamna da waɗanda suka taɓa kwana irin wurin a tambaye su. Kuma a hana sare icce cikin gidan jinya in ba da dalili mai ƙarfi ba.

Ga alhazan Maradi, da Allah Ya buɗa ma: kun gina masallatai, Allah Ya saka. A masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina akwai rumfa da ake kira Suffa, inda marasa gida ke zama, ana ciyar da su, suna koyon karatu. Rumfa ɗaya da sunan mahaifiyarka a wurin masu jinya, da randar ruwan sanyi, sadaka ce mai gudana.

Ga iyayen ƙasa, Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tibiri, da hakimai da masu unguwanni da limamai, Allah Ya ja zamaninku: in kuka zamna tabarma ɗaya da wanda ya warke daga kuturta, kuka sha ruwa a gaban jama'a, kun yi abin da shirin rediyo ɗari ba zai yi ba. Lahadin ƙarshe ta Janairu ranar kuturta ce ta duniya, 23 ga Mayu ta yoyon fitsari. Ga dama nan sau biyu kowace shekara.

Na ƙarshe mu ne, ni da ku. Ko an gina rumfa mai kyau, in ba mai shigowa daga gari, kaso ne mai faɗi. Ƴan fada, kuna da butar shayi da babur, Danja ba nisa. Matan foyandi, ku ware zama ɗaya cikin shekara ku kai shi can, da lalle da sabulu da turare. Ku nemi izinin masu wurin tukuna, ku bi ƙa'idarsu. Kuma don Allah ku bar waya cikin aljihu. Ba wadda ke son hotonta ya yi yawo a Facebook da WhatsApp ana cewa ga mai yoyo. Ku je ku zamna, ku ci abin da suke ci, ku ji labarinsu. Zumunci a ƙafa yake.

Wanda ke ganin na yi tsauri, layi a buɗe yake ranar shiri, ya kira mu yi ta a gaban jama'a. Amma kafin ya kira, ya rufe kansa a ɗakin tol daga azahar zuwa la'asar, ba waya, ba baƙo, ba mai ce mishi sannu. Wuni ɗaya kawai. Sa'an nan ya zo ya gaya mana ko rumfa kayan ado ce.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu.